Kafin Ki Kai Kwallayen Mahaifiyarki Samaru

'Yata,

Goggonki ta zo ta same ni da maganar aikin kammala karatunki a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ta ce za ki zana gonar tumatirin babanku da fenti, yadda ta koma a shekarar da tsutsar sharon ta cinye ta. Za ki kuma sassaƙa hoton hannuwansa a katako ki buga a takarda, sannan ki kwashi kwallaye da tasoshin marigayiya mahaifiyarki ki jera su a ɗakin nuni yadda ta jera su a ɗakinta na Danja. Hankalinta a tashe yake. Ni kuwa daɗi na ji, domin marigayiya ƙanwata ce, kuma ban taɓa zaton wani zai waiwayi kwanukanta da irin wannan ido ba. Daɗin da na ji ne ya sa zan yi miki magana mai ɗan tsawo.

Hanyar da kika ɗauka tsohuwa ce a inda kike. A 1958, tun makarantar tana kwaleji, kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya a cikinsu. Yawancin malamansu Turawa ne, sai suka ce za su karɓi dabarar hannu daga wurinsu, amma abin zanawa daga gida za su ɗebo shi. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Su daga nesa suka zo. Ke mota ce za ta ɗauke ki daga Danja ta bi ta Hunƙuyi ta sauke ki a Zariya, kuma ƙasar da Muhammadu Durugu Babban Gwani ya gina masallacin Juma'arta, ƙasar allon zayyana da riga mai aska takwas, ba baƙuwarki ba ce. Saboda haka kada kowa ya sa ki ji kunyar kwandon tumatir ko kwalla mai fure. Da su aka raine ki, kuma kin fi kowa a ajinku sanin nauyinsu.

Inda nake so ki tsaya ki yi tunani shi ne kan babanku. Ke kina ƙarama a 2016, abin da kika gani shi ne gona ta bushe da kwanduna a kife. Mu mun ga fiye da haka. Tsutsar nan cikin ganye take shiga ta ci, ta huda 'ya'yan, feshi bai cika kai mata ba, cikin 'yan kwanaki aikin rani guda ya tafi. Ta yi ɓarna a Kano da Katsina da Jigawa, a Kaduna har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Babanku bashi ya ci ya sayi taki da man injin ban ruwa. Sai da ya sayar da shanun hudarsa kafin ya fita, kuma har yau ban ji ya ɗauko zancen a zaure ba, ko da wasa. Kin ji zafin shekarar, ba na musu, kina da haƙƙin faɗin abin da ya same ki. Amma bashin nasa ne, kunyar tasa ce, hannuwan da za ki sassaƙa ma nasa ne. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi kuma ya riƙe nasa shekara da shekaru. Idan kika rataye takardar a Samaru da safe, wani zai ɗauka da waya ya sa a Facebook, kafin la'asar masu rake da dillalan tumatir na kasuwar Danja sun gani. Kada ya zama a bakinsu zai fara ji.

Ki same shi tukuna, ke da shi, bayan sallar isha'i. Ki nuna masa zanen gwaji, ki gaya masa dalilinki ba tare da kwana-kwana ba. Na san halinsa, zai yi shiru, ƙila ya ce ki ba shi kwana biyu. Ki ba shi. Yana iya yarda da gonar ya ƙi hannuwansa, yana iya yarda da komai ya ce kada a ambaci bashi a rubutun da za ki liƙa a gefe. Duk abin da ya cire, ki cire da zuciya ɗaya. Sau da yawa abin da mai zane ya bari bai nuna ba shi ne yake tsayar da mai kallo.

Kwallayen ma ba naki ba ne ke kaɗai. Gado ne, ƙannenki mata suna da rabo a ciki, sai da izininsu za su fita daga gidan, kuma su dawo ba lamba. Sannan ki zauna da goggonki ki tambaye ta tarihin kowace ɗaya. Akwai waɗanda kakarku ta yi wa marigayiya jere da su ranar aure, akwai waɗanda ta saya da kanta ɗaya bayan ɗaya da kuɗin adashi, daga ribar mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli. Akwai wadda ba ta taɓa bari a zuba abinci a ciki ba. Idan ba ki san wannan ba, tulin kwanuka kawai za ki tara a tsakar ɗaki. Idan kin sani, hannunki da kansa zai gane wadda za ta zauna a ƙasa da wadda za ta hau sama. Kuma goggon da take tsoron aikin, in kika sa ta a ciki, ita za ta fi kowa kare ki.

Akwai wani mai zane ɗan Sudan da nake so ki nemi labarinsa, Ibrahim El-Salahi. An haife shi a Umdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo gida ya baje ayyukansa a Khartum, mutanensa suka leƙa suka wuce, abin bai taɓa su ba. Bai ce musu jahilai ba. Ya koma ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya tuna da allon da ya yi karatu a kai, ya fara shigar da haruffan Larabci da adon gida cikin zanensa, sai jama'a suka fara matsowa. A 1975 aka tsare shi wata shida a kurkukun Kobar ba tare da shari'a ba, yana zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti. A 2013 gidan nunin Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa. Abin da ya burge ni a lamarinsa shi ne ya damu da idon mutanen garinsu tun kafin duniya ta san shi. Malamanki za su ba ki maki, wannan aikinsu ne. Amma ki kawo bugu biyu ko uku Danja ki nuna wa matan da suka yi zaman makoki da ku. Idan suka yi shiru suna kallo, ko wata ta ce wannan ai kwallar wance ce, kin kama hanya.

Sai maganar hannu. Baƙin ciki ba ya gyara layin da ya karkace. Zanen bugu kamar hatimi yake, a juye ake sassaƙa shi, kuma abin da wuƙa ta cire daga katako ya tafi ke nan. Ki yi ta gwaji a guntaye kafin ki taɓa babban allon, ki koyi yawan tawadar da takarda ke ɗauka. In kuma aka yi ɓarna kada ki yi saurin jefarwa. A 1967 ruwan asid ya lalata wa Onobrakpeya farantin da yake aiki a kai, ya cike ramukan da gam mai ƙarfi don ya ceto shi, daga nan ya samo wata sabuwar hanyar bugu da aka san shi da ita har yau. Shi ya gane abin da ya gani ne saboda ya riga ya shekara goma yana wannan aiki. Ki kuma riƙa sa safar hannu, ki buɗe taga in kina aiki da asid ko man wanke fenti, ƙirjinki ba mai ƙarfi ba ne tun kina yarinya.

Na san maganar surar mai rai za ta taso, in ba a gida ba to a zuciyarki. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda, sun tsananta a kan na farko. Ni ba mai fatawa ba ne. Ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa, ki bayyana masa ainihin abin da kike yi, ki bi abin da ya natsar da ke. Gona da kwando da kwalla dai babu mai ja da ke a kansu.

Idan babanku ya ƙi gaba ɗaya, kada ki yi fushi, kada kuma ki yi a ɓoye. Gonar Danja ba tasa kaɗai sharon ta ci ba, za ki iya zana shekarar ba tare da kin nuna ko ta wane ce ba. Ki sanar da ni ranar da za ki zo hutu, zan riga ki zuwa wurinsa in share miki hanya. Kuɗin takarda da tawada kuma ki bar su a wuyana, zan ba goggonki ta riƙe miki.

Kawunki.