Daga Aji Zuwa Ofis: Yadda Ake Horar da Malaman Jami'a Shugabanci

Malama Rifkatu daga Kagoro ta aiko da tambaya cewa: shin ana koya wa malamin jami'a shugabanci kafin a damƙa masa ofis?

Malamin jami'a gwani ne a fanninsa, amma digirin digirgir ba ya koyar da tsara kasafin kuɗi ko sasanta ma'aikata. Shi ya sa ake horon shugabanci.

Yawancin horon a bakin aiki ake samunsa. A Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 kuma take da reshe a Kafanchan, kamar sauran jami'o'in ƙasar nan, malami kan fara da kula da jarrabawa ko zaman kwamiti. Daga nan ya zama shugaban sashe, sannan shugaban tsangaya. A kujerar shugaban sashe ake gane mai haƙuri, domin nan koken ɗalibai da na malamai suke fara sauka.

Akwai kuma horo na musamman. Cibiyar NIEPA da ke Ondo tana koyar da tsare-tsaren ilimi da gudanarwa, asusun TETFund kuma yana ɗaukar nauyin malamai zuwa ƙaro karatu da tarurrukan ƙara wa juna sani.