Kafilina Ya Riƙe Fasfona a Jidda

Tambaya: Malam, direba ne ni a Jidda. Kafilina, wato mai ba ni aiki, ya karɓe fasfona, ya ce shi zai ajiye. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, dokar Saudiyya ta hana mai ba da aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa. Fara da lallami, ka roƙe shi a gaban dattijon da yake jin nauyinsa. In ya ƙi, kai ƙara ma'aikatar ƙwadago, ka kuma sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Abin da nake jiye maka shi ne ɓacin rai ya sa ka bar aikin. Da zarar ya kai rahoton ka gudu, igamarka, wato takardar izinin zamanka, ta shiga matsala, ana iya kama ka a maido ka gida. Daure ka bi ta hukuma. Allah Ya fid da kai.