Yadda Mutum Zai Riƙe Mafarkinsa, Har Ya Gane Yana Mafarki

Sau da yawa idan hira ta yi daɗi a ɗakin kwana, sai ka ji wani ya ce, "Ni fa ba na mafarki." Wannan magana ba haka take ba. Abin da ya kamata ya ce shi ne ba ya tuna mafarkinsa. Kusan kowane mai lafiya yana mafarki sau da yawa a kowane dare, amma kafin ya sauko daga gado ya laluɓi takalminsa, duk ya zube kamar ruwa a kwando. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu wata dabara ta riƙe mafarki, wadda ba ta bukatar ko kwabo. Wanda ya dage da ita, mai yiwuwa ne wata rana ya kai ga gane cewa mafarki yake yi alhali yana tsakiyar barci.

Bari mu fara da barcin kansa. A shekarar 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, suka lura cewa akwai lokutan da idon mai barci yake kai da komowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido. Wannan shi ne barcin motsin ido. A shekarar 1957 Kleitman da William Dement suka riƙa tada mutane a daidai wannan lokaci, sai suka ga wajen sau takwas cikin goma mutum yakan ba da labarin mafarki. Barci yana zagayawa ne hawa-hawa, kowane zagaye kamar minti 90, kuma barcin motsin ido gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo idan gari ya doshi wayewa. Shi ya sa mafarkin da ake yi bayan an koma barci da asuba yakan fi tsawo da armashi.

To, ina maganar cusa wa zuciya magana ta samo asali? Wanda ya yi suna da ita wani Bafaranshe ne mai haɗa magunguna, Emile Coué, wanda aka haifa a 1857, ya rasu a 1926. Ya lura cewa idan ya yaba wa maras lafiya maganin da ya ba shi, maganin yakan fi yi masa aiki. Daga nan sai ya riƙa koya wa mutane a garin Nancy su nanata wa kansu wata gajeriyar magana ta fatan samun sauƙi, sau ashirin da safe, sau ashirin da dare lokacin da barci ya fara fizgarsu. Har igiya mai ƙulli ashirin yakan ce a riƙe don ƙirga. A ganina mabiyansa sun zuzuta abin fiye da kima, don babu yawan nanata magana da zai kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wannan sai asibiti. Amma akwai wata magana tasa da na yarda da ita. Ya ce kada a yi abin da ƙarfin tsiya. Duk wanda ya taɓa kwanciya daren jarrabawa yana cewa dole ne in yi barci yanzu-yanzu, ya san yadda barcin yake gudunsa. A hankali ake faɗi, cikin natsuwa, kamar mai lallashin yaro.

Wani zai ce, yaya za a yi maganar da aka yi ido biyu ta yi aiki a cikin barci? Ai mun saba gani. Da azumi, akwai tsofaffin da ba su da agogo, amma sukan kwanta da niyyar tashi sahur, kuma su tashi tun kafin masu kiɗan gwangwani su zagayo. A shekarar 1999 wani masani Bajamushe, Jan Born, da abokan aikinsa a Jami'ar Lübeck suka gwada irin wannan. Idan aka gaya wa mutum za a tashe shi ƙarfe 6, sai wani sinadarin da yake shirya jiki ga farkawa ya fara ƙaruwa a jininsa kamar awa ɗaya kafin lokacin. Idan kuwa aka ce masa sai ƙarfe 9, sannan aka tashe shi ƙarfe 6 ba zato, ba a ganin wannan ƙaruwa. Ashe dai niyyar da mutum ya kwanta da ita ba ta barci gaba ɗaya.

Ga yadda ake yi don tuna mafarki. Ka nemi ƙaramin littafin rubutu da fensir, ka ajiye a ƙarƙashin matashi. Bayan ka yi addu'ar kwanciya, jikinka ya saki, sai ka riƙa faɗi a zuci, "Idan na farka zan tuna mafarkina." Ka yi ta maimaitawa kana mai nufin abin da kake faɗi, har barci ya ɗauke ka. Idan tunanin wasan ƙwallo ko bashin mai ƙosai ya kutso, ka kawar da shi, ka dawo kan maganarka.

Babban aikin yana wajen farkawa. Kada ka zabura, kada ka yi wa kowa magana. Ka tsaya yadda kake, idonka a rufe, ka tambayi kanka, me nake yi yanzun nan? Da ka kama bakin zaren, ko da fuskar mutum ɗaya ce ko wani wuri, sai ka bi shi baya-baya, za ka ga sauran yana biyowa. Sannan ka rubuta nan take, ko da kalma biyar ce. Mu da ƙararrawa take tasa, wannan yana da wuya, don da ta kaɗa kowa sai ya ruga layin famfo. Duk da haka minti biyu sun isa. Ranar da ba ka tuna kome ba, ka rubuta kwanan wata ka ce yau babu. Ni da na gwada a lokacin dogon hutu, kwanakin farko guntaye kawai nake samu, amma kafin mako biyu sai ga shi ina cika shafi guda da safe.

Yanzu sai mataki na biyu, wato mafarkin sane. Shi ne mutum yana cikin mafarki sai ya ce a ransa, "Af, ashe mafarki nake yi!" kuma bai farka ba. Wani lokaci har yakan iya juya mafarkin, ya tashi sama ko ya tsaya ya fuskanci abin da yake korarsa. Tun a 1867 wani Bafaranshe, Hervey de Saint-Denys, ya wallafa littafi a kan yadda yake sarrafa mafarkinsa, kuma a 1913 wani likita mutumin Holan, Frederik van Eeden, ya raɗa wa abin sunan da Turawa suke kiransa da shi har yau. Amma masana da yawa ba su gaskata ba, suna cewa ai mutum farkawa yake yi na ɗan lokaci bai sani ba.

Yadda aka raba gardamar ya burge ni ƙwarai. A barcin motsin ido gaɓoɓin mutum a sake suke, ba ya iya ɗaga hannu, amma idonsa yana motsi. Sai Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya yi alkawari da wani mutum mai suna Alan Worsley, cewa idan ya gane yana mafarki ya juya idonsa hagu da dama, hagu da dama. A watan Afrilu na 1975 na'ura ta nuna wannan alama sarai a kan takarda, alhali tana kuma nuna mutumin barci yake yi. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka shi ma ya yi irin wannan gwaji, ya kammala digirinsa na dakta a kai a 1980. Wani bincike na 2016 da ya tattara sakamakon bincike masu yawa ya nuna kamar mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin mafarkin sane ko sau ɗaya ne a rayuwarsu, 23 cikin 100 kuwa sukan yi a ƙalla sau ɗaya a wata.

Dabarar LaBerge ta yi kama da ta Coué. Mutum zai farka bayan barcin kamar awa 5, ya tuna mafarkin da ya yi, sannan ya koma ya kwanta yana nanatawa, "In na sake shiga mafarki zan gane mafarki ne." Yana faɗi yana sawwara kansa a cikin wancan mafarkin, ya kai ga wani abu na banmamaki, ya gane. A nan ne littafin nan yake da amfani, don idan ka karanta abin da ka tara za ka ga wasu abubuwa suna yawan dawowa. Ni nawa rijiyar gidan kakata ce, sai in gan ta a tsakiyar aji ko a bakin kasuwa. Sai na riƙa gaya wa kaina duk inda na ga rijiyar nan ba a muhallinta ba, to mafarki ne. Da haka na samu sau biyu a hutun nan. Na farkon bai daɗe ba, don murna ta tashe ni.

Akwai kuma masu ƙarawa da gwada kai da rana. Sukan dubi rubutu, su kau da kai, su sake dubawa, don a mafarki rubutu yakan canja. Ko su toshe hanci su gwada shaƙar iska, don a mafarki iskar takan shiga. Idan abin ya zama jiki, wata rana sai mutum ya yi shi a cikin barci.

Kada dai wani ya zaci abin kamar kunna fitila ne. A 2017 Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostareliya ya gwada waɗannan dabaru a kan mutum 169. Waɗanda suka haɗa su duka sun yi nasara kamar sau 17 cikin 100. Waɗanda barci ya ɗauke su cikin minti 5 bayan sun gama nanatawa sun kai kusan sau 46 cikin 100. Wato ko a hannun masana, rashin samu ya fi samu yawa.

Na san wasu iyayenmu za su ce anya wannan ba shiga hurumin da ba namu ba ne? Tambaya ce mai kyau. Malamanmu sun karantar da mu cewa hadisi ya kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, da na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda yake zancen zuci ne, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. Abin da nake bayani a kai yana cikin kashi na ukun nan. Ba duba ba ne, ba ya sanar da kowa gaibu, kuma ba ya nuna wa ɗalibi tambayoyin jarrabawa. Ibn Khaldun ma, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya taɓo zancen masu faɗin wasu kalmomi kafin barci don su ga abin da suke so. Hukuncin da ya yanke shi ne kalmomin suna shirya zuciya ne kawai ga mafarkin. Amfanin da na fi gani shi ne ga mai fama da mugun mafarki, don wanda ya gane mafarki yake yi, tsoronsa yakan ragu.

Sai dai akwai hattara. Likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, mu kuwa da karatun dare da tashin asuba da ƙyar muke samun haka. Wanda ya riƙa katse barcinsa kullum don neman mafarki, gyangyaɗi zai yi a darasin lissafi, garin neman gira ya rasa ido. Yawan katse barci kuma yana iya jawo dannau, wato mutum ya farka alhali sakin gaɓoɓin nan na barcin motsin ido bai gama barinsa ba, ya kasa motsi na ɗan lokaci. Yana da ban tsoro, amma yakan wuce da kansa. Wanda yake da ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa ko yawan firgita, kada ya gwada sai ya ga likita.

Saboda haka shawarata ita ce, a lokacin karatu a tsaya ga nanatawa kafin barci da rubutu da safe, don waɗannan ba sa rage wa kowa barci. Dabarar komawa barci kuwa a bar ta sai hutu ko safiyar Asabar, bayan an idar da sallar asuba, tun da dama an riga an tashi.