Cire MySQL da sake saka ta: abin da ke saura a kwamfuta

Darasin wannan makon daga ɗakin kwamfuta na ɗauko shi, kuma sai da muka yi asara kafin muka koye shi.

MySQL manhaja ce ta rumbun bayanai. Tana ajiye bayanai layi-layi kamar rajistar aji, ta kuma fito da su duk lokacin da aka tambaye ta. Wani kamfani a ƙasar Suwidin ne ya fara fitar da ita a 1995, kuma tun 2010 tana hannun Oracle.

Mu huɗu muka yi mako biyu muna shigar da sunayen littattafan laburare a cikinta don gwaji. Bayan hutun rabin zango sai muka manta kalmar sirrin babban asusun, wanda ake kira root. Muka ce ai da sauƙi. Muka shiga Control Panel muka cire ta, muka sake saka ta. Abin mamaki, ana cikin sakawa sai ta sake tambayar mu tsohuwar kalmar sirri!

Ga dalili. Manhajar daban, bayanan daban. Ita manhajar tana zama a Program Files, su kuma bayanan suna cikin wata folda mai suna Data a ƙarƙashin ProgramData, wadda Windows ke ɓoye ta. Idan ka cire manhajar, galibi wannan folda tana nan daram, kuma har kalmar sirri a cikinta ake adana ta. Kamar a sallami mai tsaron shago ne a kawo sabo, amma kwaɗon ƙofa da kayan ciki ba su canza ba.

Da muka gano foldar, ɗaya daga cikinmu ya goge ta gaba ɗaya, har daga Recycle Bin. Sabuwar ta hau lafiya lau. Amma da muka duba, babu littafi ko ɗaya. Aikin mako biyu ya tafi.

Washegari Malam ya nuna mana yadda ya kamata. Kafin ka taɓa komai, ka yi ajiya. Akwai umarni mai suna mysqldump da ke kwashe bayanan duka ya zuba su a fayil guda mai ƙarewa da .sql, sai ka kwafa a filash. Sai dai shi ma yana neman kalmar sirri, don haka tun lokacin da komai ke lafiya ake yin sa. Idan ka riga ka makale kamar mu, ka buɗe Services ka tsayar da MySQL, sannan ka kwafi foldar Data dukanta. Kada ka kwafa tana aiki, don fayilolin suna iya lalacewa.

Daga nan ne za ka cire manhajar. Tsohuwar foldar kuwa kada ka goge ta, ka canza mata suna kawai, don in wani abu ya ƙi za ka iya komawa. Ka kashe kwamfuta ka kunna, sannan ka saka sabuwa, ka maido da bayananka daga fayil ɗin ajiya. Idan ta yi ƙorafi a kan lamba 3306, ƙofar da MySQL ke amfani da ita ke nan, kuma wataƙila tsohuwar ce ba ta mutu ba tana riƙe da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da Malam ya ce ana iya canza kalmar sirrin da aka manta ba tare da an cire komai ba. Da mun jira shi kwana ɗaya kacal. Yanzu mun koma shigar da littattafan daga farko, kuma kowace Juma'a ni ke yin ajiya a filash kafin a tashi.