DARASI DAGA RAYUWAR ADRIANO: ME YA KARYA SHI?



Duk wanda ya kalli ƙwallo tsakanin 2004 da 2006 ba sai na gabatar masa da Adriano ba. Ɗan Brazil ne, an haife shi a 1982 a birnin Rio de Janeiro, ya tashi a Vila Cruzeiro, unguwar talakawa ce da ƙarar bindiga ba baƙuwa ba ce a cikinta. Ga tsawo, ga ƙirji, ga gudu, ga ƙafar hagu da in ya saki ƙwallo sai gola ya yi ta kansa. Magoya bayan Inter Milan suka laƙaba masa suna Sarki. A gasar Copa America ta 2004 shi ya fi kowa cin ƙwallo, guda 7, kuma shi ya farke wa Brazil a mintin ƙarshe na wasan ƙarshe da Ajantina, har suka ɗauki kofin a bugun fenareti. Shekararsa 22 kacal.

Matasa da yawa in an tambaye su sai su ce ai giya da sharholiya ce ta kashe shi. Gaskiya ne ya sha. Amma ni ina ganin an fara karatun daga tsakiya.

Ba a yi mako biyu da ɗaukar kofin nan ba aka bugo masa waya yana Italiya: mahaifinsa, Almir, ya rasu. Wannan uban kuwa, tun Adriano yana ɗan shekara goma harsashi ya same shi a ka a wani harbe-harbe da ba ruwansa, likitoci suka kasa cirewa, haka ya rayu da shi. Shi ne mai tsawata masa, shi ne wanda yake jin kunyarsa. Kyaftin ɗin Inter na lokacin, Zanetti, ya ba da labarin cewa yana wurin, ya ga yaron ya jefar da waya ya ƙwalla wata irin ƙara da har yau bai manta ba.

To ga inda nake so ku lura sosai. Bai faɗi a take ba. Kakar da ta biyo bayan rasuwar ita ce mafi kyau a rayuwarsa: ƙwallo 28 ya ci wa Inter, in ya ci sai ya ɗaga hannu sama. A 2005 ya sake zama gwarzon gasar Kofin Nahiyoyi. Kowa ya ce ai ya yi haƙuri, ya wuce wurin. Alhali in dare ya yi, shi kaɗai ne a gida a Milan, nesa da dangi, barci ba ya zuwa sai ya sha. Mu ma haka muke yi fa: kwana uku na zaman makoki, kowa ya watse, in mun ga mutum ya koma kasuwa shi ke nan.

Daga baya shi da bakinsa ya faɗa cewa yakan zo atisaye a buge, sai a kai shi ɗakin jinya ya yi barci, a gaya wa 'yan jarida wai ciwon tsoka ne. Wannan suna ganin rufin asiri ne. A wurina ba shi ba ne. Rufin asiri shi ne ka ɓoye wa jama'a sannan ka zauna da mutum ku nemi magani. In ɓoyewar ce kawai don ya buga wasan Lahadi, to kadara ake karewa. Ko da yake, a yi adalci, ƙungiyar ta yi ƙoƙari daga baya, har ta tura shi aro São Paulo a 2008 don ya samu sauƙi kusa da gida.

A 2009 ya bar Inter da miliyoyinta ya koma Flamengo. Abin mamaki, a shekarar suka ci gasar Brazil, yana cikin waɗanda suka fi cin ƙwallo da 19. Kun ga ƙafar tana nan, kusa da uwarsa da mutanensa sai ta dawo. Da ya sake komawa Turai, Roma, a 2010, ko ɗaya bai ci ba. A 2011 yana Corinthians agararsa ta tsinke, daga nan jikin ma ya ƙi. Bai cika shekara 30 ba.

Yanzu yakan koma Vila Cruzeiro ya zauna cikin abokan yarintarsa, ba riga ba takalmi, ya ce nan ne yake samun natsuwa.

Wallahu a'alam.