Kuɗin da Ya Wuce Farashin Faranti: Jan Hankali kan Lalata da Yara don Abin Duniya

Lalata da yara don kuɗi, a ma'anar da ma'aikatan jin daɗin jama'a suke amfani da ita, ita ce duk wani hali da babba zai biya buƙatarsa da jikin wanda bai cika shekara 18 ba, mace ko namiji, sannan ya biya da kuɗi, ko abinci, ko sutura, ko katin waya, ko wurin kwana, ko dai a hannun yaron kansa ko a hannun wani da yake tsaye a kansa. Taron duniya na farko a kan wannan matsala an yi shi ne a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a shekarar 1996, kuma a 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya ta cikin mafi munin nau'o'in bautar da yara a Yarjejeniyarta mai lamba 182, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2002. Abin da ya bambanta ta da fyaɗen da aka saba ji shi ne kuɗin da ke shiga tsakani, kuma wannan kuɗin ne yake rufe idon jama'a, domin da zarar an ji cewa yarinya ta karɓi wani abu, sai tausayi ya gushe, a daina kiranta wadda aka zalunta, a koma kiranta 'yar iska ko lalatacciya.

A unguwannin ƙasar Hausa, idan irin wannan magana ta fito, ba a daɗewa sai wani dattijo ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana yana da gurbinsa tsakanin manya biyu masu hankali, amma ɗora shi a kan yarinya 'yar shekara 12 ko 13 zalunci ne na biyu bayan na farko. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka samu wani taimako daga cikinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Babban dalilin wannan shiru shi ne yara sun san yadda za a kalle su idan suka buɗe baki.

Lamarin da ya haifar da wannan rubutu ya zo ne gaban wata jami'ar jin daɗin jama'a da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da wani asibitin gwamnati, kuma ita ce mai wannan bayani. Wata maƙwabciya ce ta kawo yarinya 'yar shekara 13 a keken adaidaita sahu da misalin ƙarfe goma na dare, jikinta ya yi zafi rau, tafin hannunta da fatar idonta sun yi fari fat, zanin da aka naɗe ta da shi ya jiƙe da jini. Mahaifiyar da ta biyo baya ta shaida wa ma'aikatan jinya cewa taifot ne, kuma ta tsaya a kan haka har sai da likita ya tabbatar cewa ciki ne na wajen wata uku aka yi yunƙurin zubarwa, ragowar ta zauna kwana biyar a mahaifa har ta fara ruɓa. Sai da aka yi mata wankin ciki, aka ƙara mata jini leda biyu, ta kwana tara a gado kafin ta iya zama ta yi magana.

Abin da ta faɗa ya fito ne kaɗan-kaɗan cikin kwana uku, tana kallon ƙasa, tana murza bakin hijabinta. Tun tana shekara tara take tallar gyaɗa da dafaffen ƙwai a wata babbar tashar mota, kuma dokar gidansu ita ce kada a dawo da kwantai, wato abin da bai saidu ba, domin ranar da ta dawo da shi akwai duka kuma babu abincin dare. Wata mai sayar da abinci a cikin tashar, wadda yaran talla suke kira Inna kuma suke hutawa a rumfarta, ita ce ta fara ce mata akwai wani mai tausayi da zai juye farantin gaba ɗaya idan ta kai masa bayan gareji. Mutumin ɗan kamasho ne, magidanci mai 'ya'ya, wanda kowa a tashar ya san shi. Daga shi sai abokansa, kuma a kan kowane zuwa matar tana cire naira 500 a matsayin nata, abin da ya mayar da ita kawaliya, wato mai haɗa masu neman lalata da waɗanda za a yi lalatar da su don ta samu rabonta. Haka aka yi wata tara, kuma yarinyar ta ambaci wasu 'yan talla uku da ake turawa wuri guda.

Kayan da ke kan farantin ba su wuce na naira 3,000 ba, amma sau da yawa tana komawa gida da naira 5,000, kuma tun kafin la'asar. Da jami'ar ta tambayi mahaifiyar ko ba ta taɓa lura da wannan ƙari ba, sai ta yi shiru na tsawon lokaci, sannan ta ce: "Malama, wallahi na ɗauka farin jini gare ta, kuma adashen kayan ɗakinta nake zubawa da shi." Wannan amsa ita ce mafi ciwo a cikin lamarin duka, domin uwa ce wadda talauci ya matsa wa lamba, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, amma kuma uwa ce da ta ƙirga kuɗi da hannunta wata tara ba tare da ta yi tambaya sau ɗaya ba.

Darasin a taƙaice yake. Yarinya ba ta karuwanci, sayar da ita ake yi. Kuɗin da ta karɓa hujja ce a kan wanda ya bayar. Duk kuɗin da ya wuce farashin faranti, akwai abin da aka saya da shi.

Sai kuma mai kemis ɗin da ya yi yunƙurin zubar da cikin, wanda ya kamata a tsaya a kansa, domin irinsa sun cika lunguna. Da mahaifiyar ta gane akwai ciki, wurinsa ta nufa da dare, shi kuwa ya karɓi naira 8,000, ya ba da ƙwayoyi a ƙullin leda babu suna babu ƙa'ida, ya yi wa yarinyar allura a bayan shagonsa, ya ce jinin zai tsaya da kansa. Da jinin ya ƙi tsayawa sai ya ƙara sayar musu da maganin ƙarin jini na kwalba. Mutumin da lasisinsa, idan ma yana da shi, bai wuce na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ba, ya ga yarinya 'yar shekara 13 da ciki, bai tambayi wanda ya yi ba, bai tura ta asibiti ba, ya mayar da masifarta ciniki. Irin waɗannan abokan aikin kawalai ne, domin su ne suke share sawun laifi, kuma ba don maƙwabciyar da ta ƙi yin shiru ba, da gawa aka fitar daga gidan.

Iyaye su riƙe wannan lissafi: maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau yana aiki ne kawai idan an fara shansa cikin awa 72 bayan abin ya faru, ana kuma shan sa kwana 28 ba fashi, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa iyakarsa kwana biyar. Duk daren da aka ɓata ana shawara da dangi, ko ana gasa yarinya da ruwan zafi da bagaruwa, ko ana jiƙa mata saiwa, daga cikin waɗannan awoyi ake cinye shi. Kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafinta, a kai ta asibiti yadda take. Akwai cibiyoyi da aka keɓe don kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta wannan hanya, irin su Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, inda ake haɗa magani da rahoton likita da ba da shawara a wuri ɗaya. Awa 72 ce, kuma ba ta jiran kowa.

A lamarin yarinyar nan, an kama ɗan kamashon da matar mai sayar da abinci, jami'ar ta haɗa rahoton likita da bayanin yarinyar, aka fara shirin zuwa kotu. Kafin mako biyu sai ga tawaga a zauren mai unguwa, da dattawan tasha da 'yan uwan wanda ake zargi, ana cewa a rufa wa juna asiri, wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Baffan yarinyar, wanda bai taɓa leƙa ta a asibiti ba, shi ne ya karɓi naira 150,000 da sunan kuɗin magani. Da jami'ar ta je gidan, sai mahaifiyar ta tare ta a soro tana kuka, ta ce: "Malama, don girman Allah a bar maganar nan, in ta je kotu wa zai aure ta?" Washegari aka ɗauke yarinyar aka kai ta ƙauye wurin kakarta, kuma da yake ba ta da takardar haihuwa da za ta tabbatar da shekarunta, ga shi babu mai ba da shaida, sai shari'ar ta mutu a tsaye. Bayan wata biyu jami'ar ta bi ta tashar, ta tarar da mutumin yana lodin fasinja kamar ba a yi komai ba, ta kuma hangi ƙanwar yarinyar, 'yar shekara tara, ɗauke da farantin nan dai na gyaɗa da ƙwai.

Sulhu, wato sasanta masu jayayya ba tare da zuwa gaban alƙali ba, abu ne mai kyau a rikicin gona da bashi da zaman aure, amma a laifin lalata da yaro ba shi da gurbi, domin wanda ya karɓi kuɗi ya kashe magana ya sayar da yarinyar ne a karo na biyu, ya kuma ba mai laifin izinin komawa kan sauran. Rufin asirin da addini ya kwaɗaitar a kansa bai taɓa zama mafakar mai cutar da 'ya'yan mutane ba, kuma aya ta 33 a Suratun Nur ta yi hani ƙarara ga tilasta wa 'yan mata alfasha don neman abin duniya. Masu unguwanni da limamai da suke zama shaidun irin wannan ciniki su sani cewa suna barin jaki suna dukan taiki.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya sadu da yaro, ta kuma bayyana cewa yardar yaron ko zaton ya girma ba uzuri ba ne, sannan sashe na 30 ya hana amfani da yara wajen bara, da karuwanci, da talla a manyan tituna da gidajen karuwai. A shekarar ce kuma aka kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, wadda aka sabunta dokarta a 2015. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe ga ƙananan yara a 2020 har zuwa dandaƙa da kisa, Kano kuma ta samu dokar kare yara a 2023. A Nijar, shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato kuyangar da ake riƙewa bayan mata huɗu, ta kai ga kotun ECOWAS ta samu gwamnati da laifin gaza kare ta a 2008, abin da ya nuna cewa kotu tana iya tsaya wa mara gata idan aka bar magana ta kai gabanta. Inda ake faɗuwa shi ne zauren unguwa, tun kafin takarda ta isa teburin alƙali.

Talla ƙofa ɗaya ce cikin da yawa. Akwai 'yan aiki da ake kwasowa daga ƙauyuka ana raba su gidajen birni, albashinsu yana tafiya hannun dillaliya. Akwai sansanonin 'yan gudun hijira, inda rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2016 ya tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai na Maiduguri, wasu da alkawarin abinci ko aure. Akwai yara maza masu kwana a kasuwanni da tashoshi, waɗanda kusan ba a maganarsu sam. Akwai kuma wayar hannu, inda ake yaudarar yarinya da kuɗin data har ta tura hoto, daga nan a riƙe ta da barazanar yaɗawa.

Wanda larura ta sa ya ɗora wa 'yarsa talla, to ya ƙirga kayan kafin ta fita, ya ƙirga kuɗin idan ta dawo, ya hana ta shiga gareji da kango da ɗakin gwauro ko rumfar kowace Inna, kuma kada ya dake ta a kan kwantai, domin tsoron dukan ne yake tura ta hannun mai juye faranti. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa. Sabuwar waya, ko turare, ko kuɗin da ba a san asalinsu ba a hannun yarinya abin tambaya ne, kuma a yi tambayar cikin lallashi. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi sun san abin da ke faruwa a bayan garejinsu, su daina cewa ba su gani ba.

Maƙwabciyar da ta ɗauko yarinyar nan cikin dare ba ta da muƙami, ba ta da kuɗi, amma ita kaɗai ce a unguwar ta yi aiki da maganar da kowa yake faɗa cewa ɗa na kowa ne. Duk wanda ya ga irin wannan a tasharsu ko a layinsu, ya kai yaron asibiti tukuna, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda, ko ofishin jin daɗin jama'a, ko NAPTIP, kuma idan aka kira shi zauren sulhu ya ƙi zama.