Shiga Abuja da Tsohuwar Mota: Lagireto, Birki da Takardu

Wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san abin da ake gani tsakanin Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, da gadar Zuba. Ba a rasa mota ɗaya ko biyu a gefen kwalta, bonet a ɗage, tururi na tashi. Mai motar ya naɗe hannun babbar riga, yana fasa ledar ruwa da haƙori yana ɗura wa lagireto, iyali kuma sun fito sun rakuɓe a 'yar inuwar da suka samu. Lambar motar ta Kano ce, ko Katsina, ko Sakkwato. In aka tsaya yi masa sannu, magana ɗaya ce a bakinsa: wallahi shekara da shekaru tana hannunsa, ba ta taɓa yi masa haka ba.

Gaskiya ya faɗa. A gida aikinta daga Kurna zuwa Kantin Kwari ne, ko kai yara makaranta a dawo, tafiyar da ba ta wuce rabin awa. Ba a taɓa sa ta gudun awa biyar a jere ba. Daga Kano zuwa Zuba kimanin kilomita 375 ne, daga nan kuma da sauran sama da kilomita 30 kafin a shiga tsakiyar birni. Mutane kan ɗauka ramuka ne kaɗai abokan gabar akwalar mota, alhali titin da ya fi tona mata asiri shi ne mai sumul. Hanyar Kubwa, wadda sunanta a hukumance Murtala Mohammed, da hanyar filin jirgi mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, kowacce layi goma ce, kuma kowa a kansu taka totur yake yi. A nan ne sitiyarin da ba a san yana rawa ba zai fara kaɗawa, tayar da ta tsufa ta yi bindiga, inji ya ɗau zafi.

Shi ya sa gyaran tafiyar Abuja a garejin gida ake yinsa, kwana uku ko huɗu kafin a tashi, don a samu damar zagayawa da motar a ji ko wani abu ya kwance. Ba a ɗauko mota daga hannun bakanike da magariba a kama doguwar hanya da asuba.

A fara da lagireto, don shi ne ya fi tsayar da baƙi. Akwai al'adar da ta yi kaka-gida a garejojin ƙasar nan: da mota ta iso daga Kwatano sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga kunna mota har kashe ta, wai ita tamostat ta ƙasashen sanyi ce. Wannan dabara ɓoye ciwo take yi. Injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba ya fi shan mai, fankar da ba ta hutawa kuma tana saurin ƙonewa, ran da ta ƙone a cikin cunkoso kuwa ba mai sanar da direba sai allurar zafi ta haura. Ga kuma ruwan rijiya ko na leda da ake zubawa, wanda ke tara tsatsa da gishiri har ya toshe 'yan siraran hanyoyin da ruwa ke bi. A sa a wanke lagireto, a zuba ruwansa na gaskiya, koren nan ko ja, a matsa robobinsa da hannu a ji ko sun yi laushi ko sun tsage. Marfin ma a duba shi. Ɗan abu ne mai araha, amma in robarsa ta mutu ruwa zai riƙa tafasa tun inji bai yi wani zafi ba.

In kuwa allura ta haura a hanya, a kashe na'urar sanyi nan take, a nemi gefe a tsaya. Kada a buɗe marfi sai inji ya huce, aƙalla rabin awa, domin ruwan da ke ciki yana fitowa da ƙarfin da zai sale fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Mai cewa bari ya lallaɓa ta zuwa Kubwa tunda an kusa, shi ne zai ƙona gasket, aikin naira dubu kaɗan ya koma na sauke kan inji.

Sai bel. Masu Fijo 406, da Golf 3, da Honda ɗin nan da ake kira Hennessy, duk bel ne ke riƙe da taimin ɗin injinsu, kuma ba ya yin sallama in zai tsinke. A 406 da Honda, tsinkewarsa a guje kan lanƙwasa bawul. Wanda ya sayi mota a hannu na uku bai san ranar da aka canza bel ba, ya canza kafin tafiya ya huta. Masu tsofaffin Honda kuma su sa a ɗaga gaba a jijjiga ƙafa, saboda kowane bakanike ya san yadda boljoyin ɗinsu ke cirewa taya ta kwanta a tsakiyar titi.

Maganar taya ta fi ƙarfin kallon zanen da ke kanta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma jami'anta kan durƙusa su karanta lambar. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da zane kamar sabuwa alhali ta shekara takwas, robarta ta bushe. A zafin Maris da Afrilu, kan kwaltar da ta sha rana, irinta ce ke fashewa. A auna iska da safe kafin mota ta motsa, a haɗa da safaya, wadda sau da yawa sai ran buƙata ake tarar da ita a sace.

Ita kanta hanyar Kano zuwa Abuja tana da halinta. An ba kamfanin Julius Berger aikin sake gina ta a ƙarshen 2017, ɓangaren Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna ya yi nisa, na Kaduna zuwa Abuja kuwa ya sha jinkiri har gwamnati ta soke kwangilarsa a 2024. Inda duk ake aiki akan mayar da motoci hannu ɗaya, tirela guda ta faɗi ko ta lalace sai a kwashe awoyi a tsaye. Yankin Kateri da Rijana kuma ya yi ƙaurin suna wajen satar mutane a shekarun baya. Mai tsohuwar mota ya yi sammako, ya ƙudurta wuce Jere da Tafa rana na sama. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da motarsa ba, ba abin kunya ba ne ya ajiye ta a Kaduna ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, layin da aka buɗe a Yulin 2016.

Masu zuwa daga Jos, Bauchi ko Lafiya ta Keffi suke shigowa, kuma tasu jarrabawar daban ce. Daga Mararraba zuwa Nyanya, Karu, Kugbo har AYA, da safe kowa birni ya nufa, da yamma kowa gida, ana tafiya taku-taku. A hawan Kugbo kulocin da ya gaji yake fara ƙauri, mota na kuka ba ta ja. Gangaren kuma, ga mai fita daga birni, shi ne abin tsoro. A watan Maris na 2025 wata babbar mota da birki ya ƙwace mata ta afka wa jerin motoci a kusa da gadar Karu, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka. Ƙaramar mota ma birkinta kan shanye a irin wannan gangare in aka ɗora ƙafa a kai ba sauƙewa. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, in ya tsufa ya yi zafi sai ya tafasa, a taka a ji ƙafa ta tafi har ƙasa. Shekara biyu ake so ya yi a canza shi, amma akwai motocin da tun shigowarsu ƙasar nan ƙari kawai ake yi musu. A sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, ido kuma yana kan madubi don ganin abin da ke tahowa a baya.

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa suka koma shan mai na cokali-cokali, allurar mai kullum a kwance. Abuja ba ta ɗaukar wannan. Wanda ya kuskure kwana ɗaya a Mabushi ko Area 1 sai ya yi kilomita da dama kafin ya sami wurin juyowa. Bayan haka, famfon man da ke cikin tanki da man yake samun sanyi, tankin da ke kusan fayau kuma yana sa shi zafi da zuƙo dattin ƙasa. A sha mai a gidan mai sananne, a guji 'yan bumburutu. Mazauna birnin ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar, ya lalata injuna, ya haddasa dogayen layuka.

Takardu kuwa a haɗa su a jaka ɗaya: lasin tuƙi, lasin mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023. A but a sa tukunyar kashe gobara wadda ba ta ƙare aiki ba, da alamar nan mai kusurwa uku, da jak da sifana. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an duba lafiyar mota, VIO, ba su da hurumin tare mota, ko kama ta, ko cin tarar direba. Hukuncin bai shafi FRSC da 'yan sanda ba, kuma bakin titi ba wurin karanta wa mai kaki shari'a ba ne. Fitilar birki da ta mutu, kwan naira kaɗan, ta isa ta ɓata wa mutum yini. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

To, in duk da haka ta tsaya fa? Nan baƙo ke gane Abuja ba Kano ba ce. A Maitama, Asokoro ko tsakiyar birni babu bakanike a gindin bishiya, mai faci ma sai an nema. An hana acaba a cikin birnin tun 2006, zamanin Nasiru El-Rufa'i yana minista, don haka ba mai ɗaukar mutum ya je ya sayo fulogi ya dawo a minti goma. Motar da aka bari ta kwana kusa da ginin gwamnati kuwa, da wuya a tarar da ita da safe, janwe ya ja ta. A tura ta gefe, a ajiye alama da ɗan nisa a bayanta, a kira wanda aka sani a garin. Kuma kada garajen neman kayan gyara ya sa mutum faɗawa kowace tasi da ta tsaya, musamman da duhu, saboda 'yan wan-cans masu yi wa fasinja fashi.

Gyara a gefen gari yake: Apo, Gudu, Kugbo, Zuba. Apo ce uwa. Tun daga bakin hanya samari ke rufe motar baƙo, wannan na bugun gilashi yana “Oga, wane fat?”, wancan na “Alhaji, zo nan, shagonmu ne”. Yawancinsu 'yan kamasho ne, ladansu a cikin kuɗin kayan zai fito. Wanda ya je da bakaniken da wani amintacce ya haɗa shi da shi ya rage wa kansa rabin wahala. A kowane kaya za a ji kashi uku: sabo na asali, Beljiyam, da sabo na kwaikwayo wanda kwalinsa ya fi na asalin ƙyalli. Ga tsohuwar mota, Beljiyam mai kyau yakan fi na kwaikwayon daɗewa, amma ban da bel, birki da taya, waɗannan sababbi ake saya. A yi sharaɗi a gaban shaida cewa in an ɗaura bai yi ba za a dawo da shi, a karɓi rasit, a kuma ce a miƙo tsohon da aka cire. Ba a sakin mota a tafi cin abinci in za a taɓa salansa: a cikinta akwai abin tace hayaƙi da 'yan gareji ke kira indomi, yana da tsada, kuma akwai masu fasawa su kwashe su like, sai daga baya mai mota ya ji kukanta ya canza.

Mai zuwa da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ya canza waifa tun daga gida, don ruwan Abuja kamar da bakin ƙwarya yake sauka. Lokogoma, Galadimawa da sassan Lugbe an san su da ambaliya. Ba a shiga ruwan da ba a ga zurfinsa ba, in kuma mota ta mutu a ciki kada a sake tayar da ita, domin ruwan da inji ya zuƙa yana lanƙwasa ƙarfen fistin. Da hunturu kuma, ƙurar hanya ta isa a ciro matatar iska a kakkaɓe da an sauka.

Ranar komawa, kafin a kunna mota, a durƙusa a leƙa ƙasan inda ta kwana. Ɗigo baƙi baƙin mai ne. Ja mai santsi man giya ne ko na sitiyari, kore kuma daga lagireto yake. Ruwa fari tas a ɓangaren fasinja na na'urar sanyi ne, ba komai. In kuwa aka ga danshi mai maiƙo a cikin taya ta baya, man birki ne, kuma wannan motar Apo za ta nufa da safen nan kafin a yi maganar Zuba.